Daren Da Shafina Ya Ɓace

Jama'a, shekara takwas ke nan ina tara rahotannina a wani shafin intanet da na gina da manhajar WordPress, ina biyan hayar mazauninsa daga albashina. Ran nan wani babban edita ya ce zai duba ayyukana washegari, domin akwai gurbin aiki. Sai na ce bari in yi wa shafin kwaskwarima.

Bayan sallar isha'i na tarar ƙananan manhajoji goma sha ɗaya da na liƙa wa shafin suna neman sabuntawa. Watau su ne masu ƙara masa ayyuka, kamar jera hotuna da karɓar saƙo. Na danna su gaba ɗaya, alhali ban ajiye kwafi ba. Ko da na sake buɗewa, ba rahoto ba hoto, sai layi guda mai cewa an sami babbar matsala. Gabana ya faɗi.

Tun 2019 WordPress kan aika wa mai shafi wasiƙar imel mai ɗauke da hanyar shiga ya yi gyara. Ashe tawa ta tafi tsohon adireshin da na manta mabuɗinsa.

Da hankalina ya komo, na shiga ma'ajiyar fayiloli ta mazaunin, na sauya sunan jakar ƙananan manhajojin. Wannan yana kashe su duka. Nan take shafi ya farfaɗo, na tabbata rubutuna yana nan, kuma laifin ba na rigar shafin ba ne. Sa'an nan na mayar da sunan, na riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. A ta bakwai ya sake faɗuwa. Ita ce mai jera hotuna: sabuwarta tana bukatar PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi, wanda ya fi nawa sabunta. Na ɗaga nawa, komai ya daidaita wajen ƙarfe uku na dare.

Editan ya duba, bai san an kwana ana fama ba. Ni kuwa yanzu ba na taɓa komai sai na ajiye kwafi, kana in sabunta ɗaya, in duba, in wuce ta gaba. Lalle gaggawa aikin shaiɗan ce. Kai mai shafi, je ka duba adireshinka tun yau.