Karatun sauyin yanayi a lokacin bakansi: abin da ya same ni bara, ga mai niyyar yi bana

Ni malamin lise ne a nan Maradi, labarin ƙasa nake koyarwa. Tun da bakansi ya ƙarato, abokan aiki uku suka kira ni da tambaya guda: suna son tara ɗalibai su yi karatun sauyin yanayi a lokacin hutu, kamar yadda na yi bara, ta ina za su fara? Na ce maimakon in riƙa maimaitawa a salula, bari in rubuta a nan, har da inda na yi tuntuɓe, don kowa ya amfana.

Damanar 2024 ce ta jawo abin. Babu wanda ya manta da ita. Ruwa ya ci rayuka sama da 300 a ƙasar nan, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe a watan Satumba, kuma komawa lakwal da aka tsara ranar 2 ga Oktoba sai da aka ɗage ta zuwa 28, don azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutanen da gidajensu suka faɗi ne ke kwana a ciki. Da muka koma, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, kullum kuna ce mana hamada na matsowa, ruwa na raguwa. Ga shi ruwa ya cinye ɗakin innata. To wanne za mu riƙe?" Na ba ta amsar da ke cikin littafi. Ta zauna, amma na ga a idonta ba ta gamsu ba. Ni ma kaina ban gamsu ba. A ranar na ƙudura cewa in Allah ya kai mu bakansi, sai mun fita daga aji mun auna abin da hannunmu.

Kuskurena na farko shi ne lokaci. Na zauna da kalanda na ce ana gama jarabawa sai mu fara, mako uku a cikin Yuli. Na rubuta sunan yara 20. Ranar farko 9 suka zo. Na hau babur na bi wani yaro mai ƙwazo har garinsu, na iske shi da mahaifinsa a gona, kowa da hauya. Bayan gaisuwa dattijon ya ce: "Malam, ba ƙin karatu nake ba. Amma wata tara kuna riƙe da shi, waɗannan ukun nawa ne. In ciyawa ta ci hatsin nan, takardarku za mu ci?" Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ya faɗa. Bakansinmu ba hutu ba ne, damana ce. Shi ya sa nake ce wa duk mai niyya: kada ka sa ranar farawa kai kaɗai a biro. Ka tambayi iyaye. Mu dai sai da muka ɗage zuwa tsakiyar Agusta, bayan an gama maimai, kafin hatsi ya nuna. A wannan ɗan tsakanin ne manomi ke samun numfashi, kuma a lokacin yara 16 suka dawo. Muka mai da zaman na safe kaɗai, daga ƙarfe 8 zuwa azahar, kwana huɗu a mako, ban da Juma'a da ranar kasuwa.

Sai dai ɗagewar ta zo da nata cikas. In ka fara awon ruwa a tsakiyar Agusta, rabin damana ya wuce ka. Da na sani tun farko, da na raba ma'aunin ruwan tun kafin a rufe lakwal, kowane yaro ya tafi da nasa gida, ya riƙa rubutawa tun daga ruwan shuka. Wannan ba ya hana shi zuwa gona, minti biyar ne da safe. In an haɗu a Agusta, sai kowa ya zo da kayensa cike.

Maganar kayan aiki kuwa, kada ta tsorata kowa. Na ɓata makonni ina rubuta takardun neman taimako, ina tsammanin sai da kwamfuta da intanet za a yi. Babu wanda ya amsa mini. Daga ƙarshe abin da ya yi mana aiki shi ne gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, da abin awon santimita irin na 'yan lakwal, da kaye da bik. Ana kafa gwangwanin bisa turke a fili, nesa da bango da itace, tazarar ta kai aƙalla ninki biyu na tsawon abin da ke kusa. Kowace safiya a lokaci guda a auna, a rubuta, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, don rashin ruwan ma labari ne. Mun ari ma'auni na gaske guda ɗaya a gidan gona muna gwada namu da shi. Ku ɗaure turken da kyau fa. Awaki sun zubar mana da awon kwana biyu, wata uwa kuma ta ɗauke gwangwanin ɗanta ta zuba wa kaji ruwa.

Ranar da na gaya musu cewa milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan eka ta hekta guda, ajin ya yi tsit. Yarinyar nan ta auna rufin ɗakinsu, ta yi lissafin ruwan da ya sauka a kansa a dare guda, ta ce: "Ashe duro-duro ne ke zuba bisa ginin ƙasa." Wata safiya kuma yara biyu suka zo da awon da ya sha bamban ƙwarai, alhali tsakanin unguwanninsu bai fi tafiyar rabin awa a ƙafa ba. Har sun fara musu, kowa na cewa ɗan uwansa bai iya awo ba. Ba wanda ya yi kuskure. Haka ruwan ƙasarmu yake, ya jiƙa gonarka ya tsallake ta maƙwabcinka. Daga nan suka gane abin da ya sa malaman gona ke cewa kada a yi gaggawar shuka sai ruwa ya kai wajen milimita 20, kuma awon garinku ake nufi, ba wanda aka ji a rediyo ba.

'Yan mata sai da na bi gida-gida. Takardar da na aika ba ta isa ba. Wata uwa ta ce mini: "Malam, wa zai raka ta, wa zai maido ta, kuma wace mace ce a wurin?" Tambayoyi uku, ba ni da amsar ko ɗaya. Sai da wata malama abokiyar aikina ta yarda ta kasance tare da mu kullum, muka kuma yi alkawarin kowa na gida kafin la'asar, sannan aka ba mu 'yan mata 6. Kada wanda ya shirya irin wannan ba tare da malama mace ba. Kuma in gaya muku, kayen da suka fi tsabta da cika na 'yan matan ne.

Yanzu ga wadda har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Mun fita ziyarar gona a wani ƙauye, a kan hanyar dawowa muka iske korama ta kawo. A inda muke ko ɗigo ba a yi ba, can sama aka yi ruwan. Direba ya ce zai iya wucewa, yara na ta murna suna zuga shi. Ni ma na kusa yarda, don na yi wa iyaye alkawarin la'asar. Wani mai amalanke da ke jira a gefe ya ce: "Malam, 'ya'yan mutane ne fa." Muka tsaya. Ba a jima ba ruwan ya ƙaru har ya fara tafiya da kututture. Sai bayan isha'i muka isa gida, na sha faɗa wurin iyaye, kuma na karɓa da hannu biyu. Tun daga ranar muka kafa doka: ba a ƙetare korama mai gudu, in hadari ya haɗu ba a fakewa ƙarƙashin itace saboda tsawa, a riƙe lambar kowane uba ko uwa, a sanar da mai gari da hukuma kafin a shiga kowane ƙauye. Wuraren da ake fama da 'yan bindiga ta bakin iyaka kuwa, ba a ma sa su cikin lissafi.

Agusta kuma watan sauro ne. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damana na ƙananan yara ne, 'yan lise ba sa ciki. Yara biyu sun kwanta mana da masassara. Shi ya sa ban ba da shawarar a kwana da yara a wani wuri ba, sai in akwai gidan sauro ga kowa, da ruwan sha mai tsabta, da likita kusa. Wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jini a ranar, kada a ce sai gobe.

Kuɗi ma a faɗi gaskiyarsu tun ranar farko. Wasu yaran sun zo da tunanin za a riƙa raba kuɗin zama, kamar yadda aka saba a tarukan ƙungiyoyi. Na ce babu. Abin da muka tara tsakaninmu malamai da wasu iyaye ya tafi ne a abubuwa uku: kuɗin mota na fita biyu, kaye da bik, da abincin safe, kunu da ƙosai. Abincin nan kada a raina shi. Agusta ne lokacin da rumbu ke ƙarewa, akwai yaron da zai zo maka bai sa komai a ciki ba, kuma ba zai faɗa ba.

Abin da ya fi amfani cikin duk makonnin shi ne ranar da muka zauna da wani tsoho a gonarsa ta wajen Gulbi. Na hana faransanci a ranar, na ce kowa ya yi tambaya da Hausa. Ya ba su labarin farin 1973, da yunwar 1984 da ake kira El Buhari, lokacin da iska ke binne shuka da rairayi don babu itacen da zai tare ta. Ya nuna musu yadda ake sassaben zamani: ba ka tumɓuke kututturen sabara ko kalgo, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka sare sauran. A jihar Maradi aka fara wannan dabara a farkon shekarun 1980, tare da wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Yaran sun yi mamaki da suka ji cewa abin da duniya ke zuwa koyo, a gonar kakanninsu yake. Suka auna tsawon hatsi a gindin gawo da wanda ke nesa da shi, na gindin gawo ya fi tsawo da kauri. Tsohon ya yi dariya ya ce: "Jikokina, gawo da damana yake zubar da ganye don kada ya tsare wa hatsi rana. Sai yau kuka sani?" 'Yan Tawa kuna da naku makarantar a fili, tassa da rabin wata na wajen Illela da Keita. 'Yan Yamai kuma ga cibiyar Agrhymet a kusa da ku tun 1974.

Abu guda nake roƙon malamai su kiyaye: kada mu sa yara su faɗi abin da awonsu bai nuna ba. Mako uku na awo yana gaya maka yadda damanar bana take ne kawai. Kafin a ce yanayin wuri ya sauya, masana na duba awon shekara 30. Shi ya sa muka haɗa namu da tsofaffin alƙaluman ruwa da muka roƙa a wurin ma'aikatan hasashen yanayi, da kuma abin da dattawa suka tuna. A nan yarinyar ta sami amsarta, kuma ita ta faɗe ta da bakinta ranar rufewa, gaban iyaye da mai unguwa: jimillar ruwan shekara ba ita kaɗai ce magana ba, yadda yake sauka ma magana ce. Yana iya ɗaukewa mako biyu shuka ta bushe, sannan ya sauko da ƙarfi a dare guda ya rusa ɗaki. Ta ƙara da cewa kwatar unguwarsu da leda ta toshe, wannan ba sauyin yanayi ba ne, laifinmu ne. Mahaifin yaron nan mai hauya yana wurin. Da aka tashi ya ce a bar masa gwangwanin a gonarsa.

Don haka masu niyya, ku fara tun yanzu kafin a rufe lakwal: ku zauna da iyaye, ku nemi malama, ku raba gwangwanaye. Ranar 3 ga Agusta in za ku dasa itace, ku rubuta sunan wanda zai ba shi ruwa da rani. Wanda ya taɓa yin irin wannan a garinsu ya gaya mana yadda ya yi, mu ma mu ƙaru. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana 'ya'yanmu.