Kafin ka sauya waya, ka ji ta bakin mai caji da mai gyara

A garuruwan da ke tsakanin Ɗambatta, Makoɗa da Bichi, waya ba ta mutum ɗaya ba ce, ko da kuwa shi ya sayar da geronsa ya saye ta. Da safe maƙwabci zai ara ya kira ɗansa da ya tafi cirani Legas. Da hantsi uwargida za ta karɓa ta saurari saƙon muryar da 'yarta ta aiko daga gidan miji. Da la'asar tana shagon mai caji, an manna mata lamba a baya, tana kwance cikin 'yan uwanta. Da daddare yara su kewaye ta suna kallon Labarina. Masu ba da shawara kan wace waya ta fi wace ba sa lissafa wannan, domin yawancinsu a birni suke, inda kowa ke da cajarsa da soket a gefen gadonsa.

Ni malamin firamare ne, kuma ni ke riƙe da lissafin wata 'yar ƙungiyar manoman rani da ke shan ruwan madatsar Tomas. Wanda ya karɓi taki bashi, wanda ya biya, wanda ya ce sai ya cire albasa, duk a wayata suke, yawanci cikin saƙon murya, domin ba kowa ke rubutun boko ba. Shi ya sa maganar sauya waya ba wasa ba ce a wurina.

Na ga wayoyi sun yi tashe sun shuɗe. A 2001 aka fara wayar salula a Najeriya, amma ta ɗauki shekaru kafin sabis ya zauna a ƙauyukanmu. Mun sha hawa tudu muna ɗaga hannu sama. Nokia mai tocila ta yi zamaninta. Daga baya samarin da ke zuwa Kano suka dawo da BlackBerry suna musayar lambar PIN, wanda ba shi da ita kuwa ba ya cikin hira. A watan Mayu na 2019 aka rufe BBM, manhajar hirar ta BlackBerry. Kamfanin Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, wasu suka sayi Lumia mai tsarin Windows, ƙarshen 2019 WhatsApp ya daina aiki a kanta. Waɗanda suka ajiye lambobin mutane a kan layi ko a littafi sun wuce lafiya. Waɗanda suka bar komai a cikin wayar su suka yi kuka. Yau tsari biyu suka rage, Android da na iPhone, kuma kusan duk wayar da za ka gani a hannun manomi a nan Android ce.

A wata Babbar Salla ƙanena da ke aiki a Abuja ya zo gida. Ya ga ina goge hotuna don in sami wurin sauke wata takarda, sai ya ce, "Yaya, ka huta da wannan wahalar. Zan sayi sabuwa, ka riƙe tawa." iPhone 11 ce, ba ta da tabo ko ɗaya. Na so ta, kuma da dalili. Hotonta ya fi na tawa nesa ba kusa ba, ba ta tsayawa tana tunani idan ka taɓa ta, kuma a 2019 ta fito amma har 2025 tana karɓar sabon tsari daga kamfaninta. Wayoyi masu araha irin namu ba kasafai suke samun wannan doguwar kulawa ba. Bayan shekara biyu ko uku sai ciki ya cika, manhajar banki ta fara nauyi. Duk wanda ya ce iPhone ado ce kawai bai riƙe ta ba. Na ce masa ya ba ni kwanaki in yi shawara.

Mai cajin garinmu na fara samu. Ya juya ta, ya duba ƙasanta, ya ce, "Malam, sai dai kullum ka riƙa zuwa da igiyarka, kuma in ta ɓace a nan ba ruwana." Bakin cajinta daban ne da na sauran. Sai daga iPhone 15, a 2023, kamfanin Apple ya koma baki irin na kowa, bayan Tarayyar Turai ta kafa doka a kai. A garin da wuta kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan wayata ta mutu a gona ko a gidan suna, kowane yaro zai iya ara mini caja. Ga kuma batir: yawancin wayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu mai ƙarfin mAh 5,000 suke zuwa da shi, na iPhone 11 kuwa bai fi 3,100 da 'yan kai ba, kuma wannan ta riga ta yi shekaru a hannu.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar Ɗambatta na tsaya wurin mai gyara. Akwatinsa cike yake da gilasai da batura na Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk 'ya'yan kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Wannan kamfani ya daɗe da gane abin da mutanenmu ke nema: layi biyu, batir mai jimiri, lasifika mai ƙara, da kayan gyara a kusa. Na tambaye shi in gilashin iPhone ya fashe fa? Ya ce sai Farm Centre ko titin Beirut a Kano, kuma in tafi da wanda ya san kan abin, don gilashin kala-kala ne. Wato yini guda ke nan da kuɗin mota, wanda tun cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya zama abin da mutum zai zauna ya lissafa. Manomin rani ya san wannan hisabi tun a kan injin ban-ruwa: ba wanda ya fi kyau a shago ake saya ba, wanda in ya tsaya ranar da tumatir ke jin ƙishi za a sami kayansa a kasuwa mafi kusa.

Batun layi biyu shi ma ya tsaya mini. A cikin gari wani layi ke kamawa, a bakin ruwa wani daban. iPhone 11 irin wadda aka ba ni ramin layi ɗaya gare ta, na biyun sai an saka shi a cikin wayar ba tare da kati ba, abin da ke bukatar zuwa ofishin kamfanin layi a birni. Waɗanda aka yi wa kasuwar Sin da Hong Kong suna ɗaukar kati biyu. Waɗanda aka yi wa Amurka kuwa, daga iPhone 14 zuwa sama, ba su da ramin kati ko ɗaya. Duk mai shirin sayen ta hannu ya kamata ya san wannan kafin ya ƙirga kuɗi.

Amma abin da ya fi nauyi a wurina memori ne. Wanda bai zauna a karkara ba ba zai gane matsayin wannan ɗan ƙaramin kati ba. Data tana da tsada, kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin layi su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Saboda haka mutanenmu ba sa kallo kai tsaye daga intanet. Ana kai memori wurin masu turi a cika shi da tafsirin azumi, da karatun Alƙur'ani, da waƙoƙin Shata, da finafinan Kannywood, a kan kuɗi kaɗan. Daga nan abin ya bi gari ta Bluetooth ko Xender, daga wannan waya zuwa waccan, har ya isa cikin gida wurin matan da ba sa fita kasuwa. Mahaifiyarmu, Allah ya ƙara mata lafiya, memorinta na tafsiri a wayata take sawa idan tata ƙaramar ba caji. iPhone ba ta da ramin memori, ba ta karɓar fayil ta Bluetooth daga Android, ba ta kuma da rediyon FM, ni kuwa da wayata nake jin Freedom Radio a gona ba tare da na ƙona data ba. Na ga cewa in na karɓe ta, zan riƙe waya mafi kyau a garin, amma Inna ba za ta ƙara cewa "ba ni wayarka" ba. Wannan ya dame ni fiye da duk lissafin kuɗi.

Sai kuma lissafin ƙungiya. WhatsApp na Android a Google Drive yake ajiye tsofaffin saƙonni, na iPhone a iCloud, kuma ɗaya ba ya buɗe ajiyar ɗaya. Tun 2022 akwai hanyar kwashewa da manhajar Move to iOS, amma sai an goge iPhone ɗin ta koma kamar sabuwa, a haɗa wayoyin biyu a Wi-Fi ɗaya, a jona su da wuta har a gama. Abu ne mai yiwuwa a Kano. A nan, da amanar bashin mutane a ciki, ban ga dalilin yin kasada ba.

Mayar da kyauta ba abu ne mai sauƙi ba, balle ta ƙane da ya yi don girmamawa. Na zaunar da shi na faɗa masa duk abin da na ji, na ce, "Kyautarka ta karɓu, amma akwai wadda za ta fi ni cin moriyarta." 'Yar yayarmu tana karatu a Jami'ar Bayero, tana kuma sayar da mayafai ta hanyar ɗora hotuna a Instagram. A wurinta kyawun hoto jari ne, wuta da mai gyara kuma suna kusa da ita. Ita aka ba. Ni kuma ya cika mini kuɗi na sayi Android mai faɗin ciki da ƙaramin faifan sola. Ina faɗin wannan ne don samarinmu da nake gani suna sayar da akuya ko rabon gonarsu don su riƙe waya mai tambarin tuffa. Ban ga laifin so ba. Abin da ke ba ni tausayi shi ne ranar da gilashin zai fashe, wayar ta koma cikin akwati ta yi watanni.

Kafin ƙanena ya miƙa wa 'yar yayarmu wayar, sai da ya cire asusunsa na iCloud a gabanmu. Tun 2013 iPhone ke da makullin da ke hana kowa amfani da ita in mai ita bai fita daga asusunsa ba, kuma akwai mutane da yawa da suka sayi ta hannu a araha suka tarar ba ta buɗuwa. Android ma ta samu irin wannan makulli a 2015. A nan ne na lura da matsalar da ta fi zaɓen tsari girma a wurinmu. Yawancin 'yan ƙungiyarmu yaron shago ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, suka tafi ba su tambaya ba. Irin wannan mutum ko daga Tecno zuwa Infinix ya koma, lambobinsa da hotunansa sun tafi. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma, kusan kowa ya buɗe asusu irin su OPay, wanda lambar wayarsa ce lambar asusunsa, layin kuma an ɗaure shi da lambar NIN tun ƙarshen 2020. Na tarar da dattijon da layinsa da sunan ɗan ƙanensa aka yi rajista, kuma duk kuɗin albasarsa ta wannan layi suke shigowa.

A taronmu na gaba na kawo maganar. Muka ware rana, kowa ya zo da wayarsa. Wanda ya san kalmar sirrinsa ya rubuta ta da hannunsa, da boko ko da ajami, ya kai gida ya ajiye tare da takardun gona; wanda bai sani ba muka sake masa sabuwa tun layin na hannunsa. Muka sa wa layuka lambar sirri saboda ɓarayin waya a kasuwa. Dattijon nan kuma ɗansa ya raka shi Kano aka mayar da layin sunansa.