Daga Tafkin Kainji Zuwa Bakin Danub: Abin da Harshe Ba Ya Mantawa

Wanda ya bar gida zai iya sauya sutura cikin mako guda, ya iya gaisuwar mutanen da ya tarar cikin wata guda, amma cikinsa ne na ƙarshe da zai yarda cewa an yi ƙaura. Shi ya sa sabon ɗalibi a ƙasar waje, kafin ya nemi ɗakin karatu, abin da yake fara tambayar waɗanda suka riga shi zuwa shi ne inda ake sayar da kayan miya.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Bayan Poland da Hangari sun shiga Tarayyar Turai a 2004, Romaniya ta biyo baya a 2007, mutanensu sun kwarara zuwa Birtaniya neman aiki. Ba a jima ba ƙananan kantuna suka tsiro a unguwannin Landan da sauran birane, ana sayar da burodinsu da kabejin da suke tsimawa da gishiri da jan garin tattasansu. Turawa ne a cikin Turawa, amma tukunyar maƙwabci ba ta kashe musu kwaɗayin ta gida ba. Ni kuwa ƙasarsu ƙaddara ta kai ni, na yi shekarun digirin digirgir a Debretsen, birni na biyu mafi girma a Hangari, kusa da iyakar Romaniya. A can ɗan bakin kogin Kwara ne ya zama mai yawon neman kayan miya.

Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba dutse, kuma a makiyayar da ke yamma da birnin akwai furfurun shanu masu dogayen ƙahoni da za ka rantse na Fulanin Shanga ne. Sai dai kamannin ya tsaya a bakin kasuwa. Naman alade da kitsensa su ne ginshiƙin girkinsu, har a cikin wasu kayan fulawa. Kalmar farko da Musulmi yake haddacewa ita ce sertés, wato alade, domin ya riƙa duba bayan kowane ƙunshi. Naman halal kuwa sai a kantunan Larabawa da Turkawa, inda ake samun kuɓewa ma, da sunan bamiya.

Da zama ya yi zama, sai mutum ya fara gano 'yan'uwan abincinsa sanye da baƙin kaya. Garin da suke kira fafirika, wanda garuruwan Seged da Kaloca suka shahara da shi, tattasai ne aka shanya aka daka. Daga cikinsa ne masanin nan Albert Szent-Györgyi ya tace sinadarin bitamin C, kuma ya ci kyautar Nobel a 1937. Abincin ƙauyen Romaniya, mamaliga, tuwon masara ne ba ko tantama, sai dai su da cuku da kirim suke ci, mu da miyar kuka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tarwada. Irin tamu ta Afirka ce suke kiwo a ruwan ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasarsu, suna sayar da ita a manyan kantuna da sunan tarwadar Afirka. Suna da miyar kifi ja wur, halasle, wadda masuntan kogin Tisa suke dafawa a tukunyar rataye, da albasa mai yawa. Bayawuri zai sha ta ya yi hamdala.

Amma akwai abubuwa uku da ba su da magaji: daddawa, kuka, da bandar kifi. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara da dangoginsu, don haka kilishi da man shanu a filin jirgi suke ƙare tafiyarsu. Kifi kuwa an yarda da shi har kilo 20. Wannan sassauci ne ya mai da bandar Yawuri dukiya a tsakaninmu. Duk wanda ya dawo hutu da ita, a ranar ɗakinsa ne zauren unguwa, kuma ana gutsura ta ne kamar ana raba gado.

Me ya sa tarwadar kanti ba ta maye gurbinta ba, alhali kifin iri ɗaya ne? Domin abin da harshe yake nema ya wuce tsoka. Yana neman aikin matan Yelwa da Zamare da Wara, waɗanda suke lanƙwasa kifin su soke shi da tsinke, su jera a kan banda, su san itacen da ya dace da yawan wutar da ba za ta ƙona ba, su kwana suna juyawa har ya yi ja ya bushe ƙamas. Ɗanɗano sana'a ce ta wuri. Idan wurin ya tafi, ba a sayo shi a kanti.

Na fahimci nauyin wannan magana ne a wata tafiya da na yi kudu, na ratsa Romaniya zuwa inda kogin Danub ya matse tsakanin duwatsu a iyakarta da Sabiya. A tsakiyar ruwan nan a da akwai wani gungu mai suna Ada Kale, mazaunin Turkawa Musulmi, da masallacinsu da ganuwarsu. An san su da alewar Turkawa da gahawa da zaƙin da suke haɗawa da furen wardi. A 1970 ruwan madatsar da Romaniya da Yugoslabiya suka gina ya shanye gungun. An kwashe wani sashe na ganuwar an sake ginawa a wani tsibiri, amma mutanen ba su bi duwatsun ba. Wasu sun nufi Turkiyya, wasu sun watsu cikin biranen Romaniya. Yau jirgin ruwa yana wucewa ta kan kasuwarsu, ba alamar komai.

Ɗan ƙasar Yawuri ba ya bukatar tafinta a nan. Shekara biyu kafin wannan, a 1968, tafkin Kainji ya cika, ya haɗiye tsohuwar Busa da gungaye da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, aka mayar da su tudu cikin gidajen siminti. Sun tafi da irin albasarsu da gwanintar nomanta, har gobe albasar Yawuri tana cika motoci zuwa kudu, amma ƙasar gungun da ambaliya take sabuntawa duk shekara tana ƙarƙashin ruwa. Ashe mutum yana iya zama baƙo ba tare da ya riƙe fasfo ba.

Abin tsoro shi ne, nutsewa ta biyu tana tafe, ba kuma da ruwa ba. Masunta da kansu suna faɗa cewa manyan giwan ruwa da ragon ruwa sun yi wuya, domin taru mai ƙananan idanu yana kwashe kifi tun yana ɗan tsako. Ɗorawa da ke ba mu kalwar daddawa tana faɗawa hannun masu gawayi. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Shanga da Ngaski, kuma matar da take gudun hijira ba ta dafa kalwa. Ga kuma masu zuba maganin ƙwari a busasshen kifi don kada ya yi tsutsa. Irin wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta haramta shigar da waken Najeriya a 2015.

Ba a rasa masu ikon tsayawa ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana nan a Sabuwar Busa da ilimin ingantattun bandoji. Hukumar HYPPADEC an kafa ta ne domin al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, kuma tallafa wa mata masu banda yana cikin hurumin da ya dace da ita. Masarautar Yawuri da sarakunan ruwa su ne masunta suke jin maganarsu idan aka zo batun idon taru da lokacin hutun ruwa. Mu kuma malaman jami'a, maimakon ɗalibanmu su yi ta maimaita batutuwan da aka gaji da su, mu tura su su zauna da tsofaffin matan Gungawa da Shangawa da Kambari, su rubuta yadda ake kowace miya da sunan kowane kifi a harshen masu shi.

Ɗan Romaniya da ke Landan yana da ƙauyen da zai aika a kawo masa garin mamaliga. Mutanen Ada Kale ba su da inda za su aika. Namu wurin yana nan tukuna, kuma abin da za mu yi da tafkin da itatuwan ɗorawa cikin 'yan shekarun nan shi zai nuna wanne daga cikin biyun jikokinmu za su zama.