Takardar Dubu Uku

Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, labarin ƙanena ne, Autan Inna, da wata guntuwar takarda da ta ci mana tumaki bakwai da gadon amarya.

Duk wanda ya san garinmu Bagega ya san zinari ne arzikinmu, kuma shi ne kukanmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, sai a 2013 aka zo aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garinmu. Amma samari ba su bar rami ba. A ramin nan Auta ya dace, yana ɗan shekara 22, ya tafi Gusau ya dawo da jar Golf. Ranar Inna har guɗa ta yi.

To, ni tun ranar gabana ke faɗuwa. Auta bai yi wata biyu da koyon tuƙi ba, amma in ya taho daga Anka sai ka ce aljanu suka biyo shi. In an yi magana ya ce hanya ba lafiya, wanda ya yi sanyi 'yan bindiga su tare shi. Da gaskiyarsa ta wani gefen, amma a cikin gari wa ke bin sa?

Na ce masa, "Auta, ka yi wa motar ga inshora kuwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya ke nan! Ga ta nan, dubu ukku wani yaro ya yi mani a tasha. Mi za ni kai dubu goma sha biyar in yi?"

Na yi shiru, don ni ma a lokacin ban san bambancin ba. Ashe akwai dokar 1945 da ta wajabta wa mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, ita kuma ta biya ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Ba motarka take gyarawa ba, ta wanda ka buga take gyarawa.

Da Babbar Sallar 2023, wata huɗu da aurensa, Auta ya je yawon Sallah Gusau, ya afka wa motar wani ɗan kasuwa. Allah Ya kiyaye rai, amma motar mutumin ta lotse. Aka duba lambar Auta a rumbun bayanan inshora, babu ita babu dalilinta. Takardar jabu ce. Aka yanke naira miliyan 1 da dubu 200, ko a biya ko a je kotu.

Ina kuɗin zinari? Sun bi iska. Inna ta kama tumakinta bakwai aka kai kasuwa. Amaryarsa, yarinya ƙarama, da hannunta ta nuna gadonta da kwanukan jerenta aka fitar. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai da dare na ji shesshekarta ta bayan zana. Ni ma kuɗin da na tara don buga littafi can suka tafi.

Daga baya na ji cewa a Ingila da Amurka matashin direba, ko wanda ya taɓa yin haɗari, ko aka sha kama shi da gudu, kamfani ninka masa kuɗin inshora yake yi, har wani ya haƙura da mota sai ya natsu. Mu a nan kuɗin wannan inshora ɗaya ne, da dattijon da ya shekara 30 bai taɓa buge ko akuya ba, da irin su Auta. Wato aljihun mai ganganci ba ya jin zafin gangancinsa sai ranar da ta ɓaci, ranar kuwa ɗakin mace ake fara dubawa.

Na san wata za ta ce, ai malamai sun yi magana a kan inshora. Haka ne, shi ya sa aka samar da takaful, tsarin taimakekeniya bisa Shari'a, kuma tun 2016 akwai kamfanoninsa masu lasisi a ƙasar nan. Ga shi daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kamen motocin da ba su da inshora.

Don haka 'yar'uwa, in maigida ko ɗanki ya shigo da mota, ki yi guɗarki, ki yi addu'a, sannan cikin ladabi ki tambaya ina aka yi takardar. A sa mai waya ya duba lambar motar. Tambayar ba rashin kunya ba ce, gadonki kike tsarewa.

Auta ya sayar da ragowar Golf ɗin, yanzu babur yake hawa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Har yau bai gama mayar wa matarsa kwanukanta ba. Allah Ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu a kan hanya, amin.