Kunaman Ruwa a Akwatin Gilashi

Bahaushe ɗan tudu ne, saboda haka ko ya leƙa ruwa da idon tudu yake dubawa. Ya ga kifi mai girman da ya wuce misali, ya ce giwan ruwa. Ya ga wani mai tsoka da maiƙo, ya ce ragon ruwa. Da ya gamu da wata halitta shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, mai doguwar wutsiya da ƙari a jikinta, bai tsaya dogon nazari ba, ya raɗa mata kunaman ruwa. Ɗaliban nahawu za su lura cewa kunama mace ce, giwa ma haka, amma da suka shiga ruwa sai mahaɗin -r ya koma -n, wataƙila don kifi ake nufi, shi kuwa namiji ne. Abin da ya fi jan hankalinmu dai shi ne, a duk jikin wannan halitta ƙarin kaɗai sunan ya gani. Suna ne da tsoro ya raɗa.

Irin wannan kifi ne ya zama baƙonmu a nan Kontagora. Wani ƙanenmu mai sana'ar kifin ado a Legas ya kawo mana shi, faɗinsa bai wuce marfin samira ba, bayansa ruwan ƙasa da ɗige-ɗige masu ruwan goro, kowane ɗigo da baƙin zobe kewaye da shi. Asalin irinsa daga kogunan Amurka ta Kudu ne, musamman Amazon, masana kuma suna kiransa Potamotrygon motoro. Namijinsu yana da wasu gaɓoɓi biyu a gindin wutsiya; namu ba shi da su, don haka mutanen gida suka sa mata suna Baƙuwa, nahawu ya sake juyawa.

Kwana shida Baƙuwa ta yi ba ta sa komai a baki ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga irinta idan aka sauya mata ruwa da wuri, to amma sanin haka bai hana mu tashi da tsakar dare muna haska ta da tocila ba. Akwai alamomin da masu kiwonsu suke tsoro: wurin da ke tsakanin idanu ya lotsa, ƙasusuwan gindin wutsiya su fito, ko kuma gefen faifan jikin ya nannaɗe sama ya ƙi kwanciya. Wannan na ƙarshe sau da yawa sallama ce. Kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, da irin makomar da ta samu. Wanda ya sa rai a akwatin gilashi ya shiga wannan babi, ko da kuwa ran na kifi ne. Tunkiya idan ta ji yunwa takan yi kuka, kaza takan bi mutum har ɗaki; wannan kuwa sai dai ta binne kanta cikin yashi ta bar idanu biyu a waje, ta zuba maka su.

Tana ce ta warware mana. A daren na bakwai muka saka ƙanana guda uku, muka kashe fitila, muka ja da baya. Abin da muka gani cikin ɗan hasken da ya rage ya cancanci a tsaya a kansa. Idanun kunaman ruwa a sama suke, bakinsa kuwa a ƙasa, wato har abada ba ya ganin loman da yake ci. Da ƙanshi yake nemo abinci, da kuma wasu ƙananan ƙofofi a fatarsa da suke jin ɗan ƙarfin lantarkin da kowane mai rai yake fitarwa. Baƙuwa ta girgije yashin da ke bayanta, ta taho tana kaɗa gefen jikinta kamar yadda iska take kaɗa bakin mayafi, ta wuce tanar, ta dawo, sannan ta kifa kanta a kai kamar an rufe ƙwarya da faifai. Muka ga tana ɗan ɗagawa tana komawa, tana turo abin zuwa baki. Da ta matsa, babu tana. A duk wannan hidima wutsiyar ba ta yi aikin komai ba, domin ba da ƙarin take farauta ba. Kunamar tudu da ƙarinta take kashe abincinta. Ta ruwa ajiye nata take yi sai ranar da aka taka ta.

Daga nan aiki ya koma na neman tana. Da damina ba wahala, amma ba daga ko'ina ba: gonakin masara da shinkafa da suka kewaye garin nan an saba fesa musu maganin ciyawa, tanar da ta fito daga irin wannan ƙasa guba ce ga kifin da ba shi da ɓawo a fata. Muka ware wani tsohon baho a inuwa, muka cika shi da ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye, muka shiga kiwon tana don gudun rani. Maƙwabta sun sami abin dariya, wai Dakta ya bar littafi ya koma kiwon tsutsa. Sau biyu take ci a rana. Sannu a hankali muka riƙa haɗa mata da siraran yankan karfasa ɗanya da jatan lande ɗanye, ba busasshen da ake sa wa miya ba, har ta saba. Duk abin da ta rage kuwa, nan take ake kwashe shi.

Dalilin kwashewar shi ne ruwa, wanda a gaskiya shi ake kiwo, kifin yana biye. Wannan halitta mai ci ce ƙwarai, kuma tana fitar da ammoniya mai yawa, alhali kaɗan daga cikinta yana iya kashe ta. Wasu ƙwayoyin halitta da suke zaune cikin na'urar tace ruwa su suke rage wannan dafi, su kuma suna buƙatar ruwa mai gudana. Idan wuta ta ɗauke na sa'o'i da yawa sai su fara mutuwa. Kowa ya san halin wuta a wajenmu, don haka batir da faifan sola suka zama farilla. Duk mako mukan sauya kusan sulusin ruwan da na rijiyar burtsatse, saboda na famfo yana iya zuwa da kulorin. Zafin da take so tsakanin digiri 24 ne zuwa 28. Da hunturu sai an sa abin ɗumama ruwa, a kuma lulluɓe shi da kariya don kada ta kwanta a kai ta ƙone. Da bazara kuwa, watan Maris da Afrilu, matsalar takan juye.

Ba mu raina ƙarin ba. Yana da haƙora kamar zarto, da dafi a fatar da ta rufe shi, kuma lokaci-lokaci tsohon yakan faɗi sabo ya maye gurbinsa, don haka ko yashin ba a tona shi da hannu tsirara. Wanda aka harba ya tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, sannan ya nufi asibiti. Yara sun ji wannan, sun kuma haddace.

Abin da ya fi tsaya mana a rai bai shafi akwatin ba. Sunan kunaman ruwa ba don baƙon Amazon aka raɗa shi ba. Muna da namu. Yana zaune a Binuwai da ƙasan kogin Kwara, faɗinsa yakan kai santimita 40, abincinsa kuwa 'ya'yan ƙwarin da suke rayuwa a ƙasan ruwa. A 1962 wasu masana biyu, Stauch da Blanc, suka bayyana shi ga duniyar ilimi daga Garwa ta ƙasar Kamaru, shi ya sa sunan garin yake cikin sunansa na kimiyya, wanda a yau ake kira Fontitrygon garouaensis. Da farko ma sun ɗauka ɗan'uwan na Amurka ta Kudu ne, sai a 1975 Thorson da Watson suka nuna cewa danginsa na teku ne. A da yana da yawa, masunta suna kama shi su sayar ɗanye ko banda. A 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi cikin jerin waɗanda suke gab da ƙarewa. Ga mu nan muna haƙa tana saboda baƙuwar da ta tsallako teku, ɗan gida kuwa yawancin ɗalibanmu ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Wani ya ba mu shawarar idan Baƙuwa ta fi ƙarfin akwatin, tunda irinta takan kai faɗin rabin mita, mu kai ta kogin Kontagora mu saka. Wannan ba zai yiwu ba. A Singafo an sami irinta tana hayayyafa a wani tafkin ajiyar ruwan sha, bayan masu kiwo sun gaji sun zubar. Kogin da namu yake neman gagara a cikinsa ba ya buƙatar kishiya. Babban akwati za a nema, mun kuma fara tari.

Akwai wani dattijo Basarke mai sayar da banda a kasuwa, wanda ya yi shekaru yana su a wajen Lakwaja a zamanin ƙuruciyarsa. Muka roƙe shi ya zo ya gani. Ya daɗe a tsugune gaban gilashin.

"Malam, shi ne, amma ba shi ba ne," in ji shi. "Namu ba shi da wannan ado, kuma wutsiyarsa ta fi wannan tsawo, kamar bulala."

Muka ce, "Baba, yaushe rabonka da shi?"

Ya ce tun kafin a haifi autarsa, ita kuwa yanzu 'ya'yanta huɗu. Ya nuna mana tabo a idon sawunsa na hagu. Lokacin cin abinci ya yi, muka saka tana, Baƙuwa ta taso ta kifa a kai. Dattijon ya matso har numfashinsa ya dusar da gilashin, ya ce ya kama irinsu ba adadi, bai taɓa ganin ɗaya yana cin abinci ba. Ya nemi a ƙara saka wata.