Agwagwar da Gwaggo ta ba Auta

Yau labarin agwagwa na zo muku da shi. Wanda ya ga abin ya yi masa ƙanƙanta ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba, don 'yan fadarmu sun riga sun yi mini dariyar da ta fi wannan.

Da Babbar Sallah ta 2023 muka ƙetara Malanbil gaida Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai can tun ban yi wayo ba. A lokacin ƙetare gada ba wani aiki ba ne, ka hau kabu-kabu, ka gaisa da ma'aikata, ka wuce. Da za mu dawo, Gwaggo ta kamo 'yar agwagwa guda cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe mata, ta saka a kwali ta miƙa wa ɗiyata Auta, wadda a lokacin shekararta 8. Ta ce, "Ungo, taki ta. Ban ba ubanki ba, ke ni ba." Aka yi dariya, muka taho.

Wata guda bayan haka, ranar 26 ga Yuli, aka yi juyin mulki a Yamai. CEDEAO ta saka takunkumi, iyaka ta rufe. Ba sai na ba mutanen Gaya labarin abin da ya biyo baya ba. Ni aikina takardun kaya ne, wato taransit. Motar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ni da ire-irena muke bin takardunta a duwan har ta kama hanyar Doso. Ranar da motoci suka daina hawa gada, ranar cefanen gidana ya koma hannun Allah da hannun mai ɗakina, wadda ke soya ƙosai a ƙofar gida. Na zama mutumin fada. In fita da hantsi, in sha shayi, in saurari rediyo ko za a ce an buɗe, in dawo da magariba hannu sake. Wanda bai taɓa shiga gidansa yana sauri ya wuce ɗaki don kada a haɗa ido da shi ba, ba zai gane abin da nake nufi ba.

Ita kuwa agwagwa sai girma take. Irin tamu ce ta gida, mai jan fata a fuska, wadda ba ta kuka sai huci. Yara suka raɗa mata Hajiya saboda tafiyar ƙasaita da take yi a tsakar gida. Auta ta dawo daga lakwal, kafin ta ajiye jaka sai ta leƙa ta. In tana cin tuwo rabi na Hajiya ne.

Wata safiya cikin Nuwamba, sanyi ya fara shigowa, Hajiya ta bi ruwan wanke-wanke ta fita ƙofar gida, wani yaro mai kabu-kabu ya taho da gudu ya take mata ƙafar hagu. Yaron ya tsaya, jikinsa na rawa. Kun san yadda masu abin hawa suka camfa take agwagwa. Ya zaro dala ɗari yana miƙo mini, na ce ya tafi, shi ma nema ya fito. Na ɗauke ta, ƙafar tana reto daga ƙasan gwiwa kamar ba jikinta take ba.

Mai ɗakina ta duba sau ɗaya ta ce, "Malam, ɗauko wuƙa tun da sauran ranta, kada ta zama mushe mu yi biyu babu." Zan faɗi gaskiya a nan: maganarta daidai ce. Rabonmu da nama a gidan an kwana biyu. Agwagwa mai wata biyar tukunya guda ce mai kyau. Kuma haka muka taso muka gani, kaza ta karye a yanka, akuya ta karye a kira mahauci. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Har na wasa wuƙar a bakin turmi.

Auta ce ta fito da kayan lakwal a jikinta, ta tsaya tsakanina da agwagwar. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Baba, kak ka yanka ta. Mi ta yi maka? Gwaggo ta ce tawa ta." Na ce ta karye, ba za ta ƙara tafiya ba, wahala kawai za ta sha. Sai ta ce, "To in mutum bai iya yin komi ba, yanka shi a kai?" Yarinya ce, ba da ni take ba, na sani. Amma ni da na yi wata uku ban kawo ko dala gida ba, maganar ta same ni inda ba ta nufa ba. Na mayar da wuƙa kicin.

Na saka agwagwar cikin buhu, kanta a waje, na taka da ƙafa zuwa ma'aikatar kiwo. A hanya na bi ta gaban fada. Tun daga ranar sunana ya koma Likitan Agwagi, har gobe akwai masu kirana haka.

Malamin dabbobin da na tarar bai yi dariya ba, Allah ya saka masa da alheri. Kafin ya taɓa ƙafar sai da ya duba idonta da hancinta, ya tambaye ni ko akwai kaji ko zabi da suka mutu a unguwarmu kwanan nan. Na ce babur ne ya take ta, a gabana. Ya ce ya ji, amma tambayar dole ce, domin murar tsuntsaye da ta fara shigowa Nijar a 2006, a jikin agwagi aka fara gano ta, can Magariya cikin jihar Damagaram. Ya ce duk agwagwar da ta kasa tashi ba tare da rauni ba, ga kuma wasu tsuntsaye na faɗuwa, kada a yanka, kada a ci, a zo a faɗa musu.

Daga nan ya yi mini karatun da nake so masu kiwo su ji, don shi ya sa ma na zauna rubuta wannan. Ya ce ciwon ƙafar agwagwa ba iri ɗaya ba ne, kuma mutane kan haɗa su duka su zuba kafso a ruwa su ce sun yi magani. Akwai na 'yan ƙanana, waɗanda ƙafafunsu ke gwamewa su riƙa zama a kan gwiwa. Wannan yawanci daga abinci ne. Agwagwa tana bukatar wani sinadari, bitamin B3, fiye da yadda kaza ke bukata, kuma dusar masara zalla ba ta ba ta isasshe. Ƙuli-ƙuli da ƙananan kifi suna da shi. Akwai kuma kumburin tafin ƙafa mai baƙin ɓawo a tsakiya, wanda ke farawa daga ƙaya ko kwalba ko ƙasa mai kaushi, ƙwayar cuta ta shiga ta taru. Akwai zaren raga, wanda mu na bakin kogi muka fi kowa fama da shi: ya naɗe yatsa, ya nutse cikin fata, jini ya daina zuwa har yatsan ya bushe ya faɗi. Sai kuma karaya, irin ta Hajiya. Ya ce na yi sa'a, a ƙwauri ta karye, fata ba ta fashe ba. Da a cinya ne, can sama cikin nama, da shi da kansa zai ce in koma ga shawarar mai ɗakina.

Na riƙe ta, ya ja ƙafar a hankali har ƙashin ya daidaita. Ya naɗa auduga, ya sa kara biyu gefe da gefe irin na masu ɗori, ya ɗaure da bandeji, ya bar yatsun a waje. Ya ce kullum in taɓa su, in sun yi sanyi ko sun kumbura ɗaurin ya matse. Ya ce ƙashin tsuntsu ya fi na mutum saurin haɗewa, mako uku ya isa in an hana ta yawo, kuma ɗaurin kada ya jiƙe. Na tambaye shi maganin ciwo, don wani a fada ya ce in daka mata diklo. Ya ɗaga murya a karo na farko. Ya ce wannan maganin ne ya kusa ƙarar da ungulu a Indiya: ana ba shanu, ungulu su ci mushen, ƙodarsu ta lalace, har sai da gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi shi a 2006. Maganin mutum ba na tsuntsu ba ne.

Jinyar ce aikin. Na samo babban kwando, na shimfiɗa ɓuntun shinkafa da na roƙo wajen masu injin casa. Wanda ya san agwagwa ya san kashinta. Safe da yamma sai an canja shimfiɗa, in ba haka ba ɗaurin ya ɓaci, ƙudaje su taru. Ga matsalar ruwa: agwagwa ba ta haɗiye abinci sai da ruwa, kuma sai ta tsoma baki har hanci ta wanke. In ka ba ta kwano mai faɗi za ta shiga ciki da ƙafar. Sai na yanke gwangwanin tumatir mai zurfi na ɗaure a jikin kwandon, bakinta ya shiga, jikinta ba ya shiga. Wani dattijo maƙwabcinmu, Basarke, da ya ji labari, kullum ya dawo daga kogi sai ya aiko jikansa da 'yan ƙananan kifin da ba su shiga kasuwa. Ina haɗa su da dusa da ƙuli-ƙuli da ganyen zogale.

A kwana na huɗu na kusa ɓata komai da hannuna. Na ga bandejin ya yi sako-sako, na ƙara ɗaurewa da ƙarfi, ina ganin gyara na yi. Da asuba na taɓa yatsun, sanyi ƙalau, sun kumbura kamar an hura. Na kwance da sauri hannuna na karkarwa, na zauna ina murza su a hankali har aka idar da salla a masallacin unguwa ban sani ba. Allah ya taimake ni ɗumi ya dawo. Ban faɗa wa Auta ba sai bayan wata biyu.

A cikin kwanakin nan ne na lura na daina kwana har hantsi. Akwai abin da ke jirana da asuba, abin da in ban yi ba ba mai yi. Fada ma sai la'asar nake leƙawa. Mai ɗakina, wadda ta yi kwana uku ba ta ce mini ci kanka ba a kan kuɗin bandeji da na cira daga cinikin ƙosai, wata safiya sai na ga ta ajiye ɓawon ƙwai da ta gasa ta daka a bakin kwandon. Ta ce, "An ce yana ƙara ƙarfin ƙashi." Ta juya za ta tafi, ta ƙara da cewa, "Tun da aka rufe gadar nan ban ga ka tashi da wuri haka ba."

Ranar kwana 21 muka kwance. Ƙafar ta rame, ta ɗan karkace waje. Hajiya ta tsaya, ta taka, ta faɗi. Auta ta fashe da kuka. Dattijon Basarke ne ya ce mu daina sa ta tafiya a ƙasa, mu sa ta a ruwa, ruwa ke ɗaukar nauyi ƙafa ta yi motsi ba wahala. Muka cika bahon wanki. Ranar farko da ƙafa ɗaya take tuƙi, sai zagaye take kamar kwalekwalen da ɗan koyo ke ja, har mai ɗakina ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Kullum da rana, in ruwan ya ɗan yi ɗumi, mu sa ta na ɗan lokaci mu fitar ta bushe a rana. Bayan kwana goma ta fara miƙe hanya cikin bahon. Bayan wata guda tana zuwa ƙofar gida da kanta, tana ɗingishi.

In lissafi za a bi, na faɗi. Abin da na kashe, kuɗi da lokaci, ya sayi wata agwagwar lafiyayya a kasuwa har da canji. Ba kuma zan ce wa wanda yaransa ke jin yunwa kada ya yanka tasa ba. Da Auta ta riga ta tafi lakwal a safiyar nan, da tuni mun cinye ta mun manta. Abin da na sani kawai, karayar ƙwauri tana ɗoruwa, kuma mu da yawa muna yankawa ne don ba a taɓa ce mana tana ɗoruwa ba.

CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, cikin Maris hanyar Kamba ta buɗe, amma gadarmu ta Malanbil ta ci gaba da zama a rufe. Na bar jiran rediyo, na koma bakin ruwa ina rubuta wa 'yan kasuwa lissafin kayan da ake lodawa a jirage. Bai kai taransit ba, amma ina shiga gida da leda a hannu.

Da damina ta faɗi muka aro toro wajen maƙwabta. Na ji tsoron nauyinsa a kan ƙafar, don toron agwagwa ya kusa ninka macen, amma ba abin da ya faru. Ta yi ƙwai 14 a bayan randa. Agwagwa ba kaza ba ce da ke tashi a kwana 21, ita sai ta yi 35 tana kwance, Auta na ƙirgawa da alli a bango. Ta fito da 11. Shaho ya ɗauki biyu, ɗaya ya faɗa rijiyar maƙwabta, takwas suka rayu, kuma ba wanda ƙafarsa ta gwame, don tun ranar farko da ƙuli-ƙuli da kifi suka tashi.

Da suka yi wata guda Auta ta zaɓi biyu ta ce na Gwaggo ne. Muka saka su a kwali, muka gangara bakin kogin Isa muka shiga jirgi, ga gada can muna hangenta ba kowa a kai. Mai jirgin ya ji motsi, ya ɗaga murfin kwalin da yatsa, ya dube ni ya ce, "Likita, su ma sai an biya musu." Na biya.