Tsakuwa Kafin Alli

Yaro yakan rera ɗaya zuwa ɗari da ka, amma ka zube masa tsakuwa bakwai ka ce ya ƙara biyar, sai ya tsaya yana kallonka. Abin nan yana damuna.

Yarinya mai tallar gyaɗa, a ba ta naira 200 a cinikin 150, nan take za ta miƙo hamsin, domin lissafin ta hannunta ya bi. Ɗan aji ɗaya ma hakan yake buƙata: ya riƙa raba tsakuwa goma gida biyu, shida da huɗu, bakwai da uku, har ya zauna masa. Ran da aka ce takwas da biyar, sai ya cike goma, ya ɗora uku.

Malamai, don Allah ku bar yara su ƙirga da yatsunsu, kada ku tsawata musu.